Lissafin kashi cikin ɗari: na san ƙa'idar, amma tambayoyin zance suna kayar da ni

Mai Shirin Jarrabawa ta rubuta:

Assalamu alaikum, malamai da 'yan'uwa. Ina shirin rubuta jarrabawar neman gurbi, irin wadda masu nema suke da yawa, guraben kuma kaɗan, ake ba da tambaya da amsoshi huɗu a ce mutum ya zaɓi ɗaya, kuma ba a shiga da na'urar lissafi. A duk gwajin da nake yi wa kaina a gida, sashen da yake cinye mini maki shi ne na kashi cikin ɗari. Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne, idan aka ce in fitar da kashi 15 cikin ɗari na 200, ba na ko ɗaukar biro, na san 30 ne; amma da zarar an naɗe lissafin a cikin zance mai layi uku ko huɗu, sai in zaɓi amsa da ƙarfin gwiwa, in duba bayan littafi in tarar ba ita ba ce.

Ga guda uku da suka kayar da ni a makon nan. Ta farko ta ce wata makaranta tana da ɗalibai 500, yawansu ya ƙaru da kashi 20 cikin ɗari a shekarar farko, sannan ya ragu da kashi 20 cikin ɗari a shekara ta biyu, aka tambayi nawa suka rage. Na ce abin da aka ƙara shi aka cire, na zaɓi 500, littafin kuma ya ce 480. Ta biyu ta ce bayan an yi wa wani adadi ƙarin kashi 25 cikin ɗari ya zama 800, aka nemi asalin adadin. Na fitar da kashi 25 na 800, na sami 200, na ɗebe, na zaɓi 600, wadda tana nan zaune a cikin zaɓin kamar jirana take yi, amma amsar wai 640 ce. Ta uku ta ce makin ɗalibi na farko ya fi na ɗalibi na biyu da kashi 25 cikin ɗari, to da kashi nawa makin na biyun ya gaza na farkon? Na ce 25, aka ce 20.

Littafin da nake amfani da shi amsa kawai yake bayarwa, ba ya nuna aiki. Ina roƙon wanda ya fahimci abin ya nuna mini inda nake kuskurewa, domin ina jin a jikina cewa kuskure ɗaya nake maimaitawa, sai dai na kasa kama shi. Ina kuma son sanin ko akwai hanyar da ta fi sauri, saboda lokacin da ake bayarwa bai wuce kamar minti ɗaya ga kowace tambaya ba.

Tsohon Malamin Lissafi ya amsa:

Wa alaikumus salam, 'yata. Zarginki daidai ne, kuskure ɗaya ne ya sa riga uku. Kashi cikin ɗari ba ya tsayawa da ƙafarsa. Ko yaushe kashi ne na wani abu, kuma wannan abin shi nake kira tushe. Kashi 20 na 500 da kashi 20 na 600 suna ɗaya suka haɗa, amma ɗaya 100 ne, ɗayan 120. Masu shirya tambayoyin nan sun san cewa ido yana kama lamba ya bar tushenta, shi ya sa suke sauya tushen a tsakiyar zance ba tare da sanarwa ba, sannan su ajiye amsar wanda bai lura ba a cikin zaɓi. Wato 500 da 600 da 25 ɗin da kika zaɓa ba bisa tsautsayi suka shiga jerin ba, an lissafa su ne tun farko domin mai irin tunaninki.

Mu ɗauki ta farko. A shekarar farko tushen 500 ne, kashi 20 nasa 100 ne, ɗalibai suka zama 600. Da aka shiga shekara ta biyu, 500 ɗin nan ya riga ya zama tarihi, abin da yake ƙasa shi ne 600, kuma daga cikinsa za a cire kashi 20, wato 120, saura 480. An ƙara a kan ƙaramin adadi, an cire daga babba, don haka dole abin da aka cire ya rinjayi abin da aka ƙara. Ko da an juya tsarin, aka fara da ragi aka biyo da ƙari, 500 zai sauko 400, ya hau da 80, ya tsaya a 480 ɗin dai.

Ta biyun ita ce wadda na fi ganin tana kayar da ɗalibai a shekarun da na yi a aji. Da aka ce an yi wa adadi ƙarin kashi 25 ya zama 800, kashi 25 ɗin na asalin adadin ne, wanda ba ki sani ba tukuna, ba na 800 ba. Ke kuwa kin je kin cire shi daga 800, adadin da bai wanzu ba a lokacin da aka yi ƙarin. Daidaitaccen tunani shi ne: asalin adadi kashi 100 ne, ƙari kashi 25, saboda haka 800 yana matsayin kashi 125. Idan kashi 125 shi ne 800, to kashi 25 shi ne 800 a raba biyar, wato 160, kashi 100 kuma 160 sau huɗu, wato 640. Da kin gwada amsarki da kin kama kanki da hannunki, domin kashi 25 na 600 shi ne 150, kuma 600 da 150 sun ba da 750, ba 800 ba. Wannan gwajin bai fi daƙiƙa biyar ba, kuma ina ba ki shawarar ki mayar da shi ɗabi'a a duk tambayar da take neman abin da ya gabata.

A ta uku, kalmomin da suke nuna tushe su ne "ya fi" da "ya gaza": wanda aka ambata bayansu, shi ake aunawa da shi. Ki ba ɗalibi na biyu maki 80, sai na farko ya sami 100. Tazarar da ke tsakaninsu 20 ce, ba ta sauya ba ko ta ina aka dube ta. Idan aka auna ta da 80, rubu'i ce, kashi 25. Idan aka auna ta da 100, kashi 20 ce. Mai tsaye a ƙasan tudu da mai tsaye a kansa tudu ɗaya suke gani, amma nan kowa da ma'auninsa.

Hanyar da nake koyarwa, wadda take rufe ƙofar wannan kuskure gaba ɗaya, ita ce a mayar da kowane ƙari ko ragi lambar ninkawa. Ƙarin kashi 20 yana nufin a ninka da 1.2, ragin kashi 20 yana nufin a ninka da 0.8, ƙarin kashi 5 shi ne 1.05, kuma a kula, ba 1.5 ba, wanda shi ne ƙarin kashi 50. Idan sauye-sauye suka biyo juna, lambobin ake ninkawa, ba a tara kason ba: 1.2 sau 0.8 ya ba da 0.96, wato kashi 96 ya rage, an yi asarar kashi 4, ko da wane adadi aka fara. Idan kuma ana neman abin da ya gabata, sai a raba maimakon a ninka: 800 a raba da 1.25 shi ne 640. Inda tambaya ba ta ba da adadi ko ɗaya ba, sai kaso zalla, ki ɗauka cewa tushen 100 ne ki yi aikinki, amsar ba za ta sauya ba.

Akwai wani wuri da harshe da kansa yake ruɗa mu, kuma ya kamata ki san da shi. Idan yawan masu cin jarrabawa a wata makaranta ya tashi daga kashi 40 zuwa kashi 50, a bakin mutane za a ce ya ƙaru da kashi 10. Tazarar kason kam 10 ce, amma idan ɗaliban da suka zauna 100 ne a kowace shekara, masu ci sun tashi daga 40 zuwa 50, kuma 10 a kan 40 ƙarin kashi 25 ne. Duka biyun ana tambayarsu, kuma duka biyun za ki gan su a cikin zaɓi, saboda haka sai kin karanta jimlar ƙarshe ta tambayar sau biyu kafin ki san wanne ake nema. Haka nan "ya ƙaru da kashi 150" daban yake da "ya zama kashi 150 na yadda yake": a na farko 200 ya koma 500, a na biyu ya koma 300.

Tun da maganar ta zo, wannan ɗabi'a ta auna komai da ɗari daɗaɗɗiya ce. A daular Rum, Sarki Augustus ya sanya harajin ɗaya bisa ɗari a kan kayan da aka sayar a gwanjo, alamar % kuma ta samo asali ne daga yadda 'yan kasuwar Italiya suke taƙaita rubuta "cikin ɗari" a littattafan lissafinsu. Su ba su taɓa mantawa da tushe ba, domin kuskuren a aljihunsu yake bayyana. Kafin ki rubuta komai, ki ja layi a ƙarƙashin kowane kaso da ke cikin tambayar, ki rubuta a gefensa: na me?

Mai Son Gajeriyar Hanya ya amsa:

Bayanin Malam ya wadatar ta fuskar fahimta, Allah ya ƙara masa lafiya. Sai dai 'yar'uwa ta yi tambaya ta biyu a kan sauri, kuma a ganina ninka lambobi masu ɗigo ba tare da na'ura ba yana cin lokaci, yana kuma jawo kuskuren ajiye ɗigo a inda bai dace ba. Ni abin da ya taimake ni shi ne haddace kason da suka yi daidai da sanannun ɓangarori, in daina ganinsu a matsayin kaso kwata-kwata. Rabi kashi 50 ne, sulusi 33 da sulusi, rubu'i 25, humusi 20, sudusi 16 da sulusi biyu, sumuni 12.5, ushiri 10. Wanda ya riƙe waɗannan, idan aka ce masa kashi 12.5 na 640, ba zai ninka komai ba, zai raba 640 gida takwas ya sami 80; idan aka ce kashi 37.5, ya san sumuni uku ne, 240. Duk inda kika ga kaso mai kama da abin tsoro irin 62.5 ko 83 da sulusi, ki yi zargin cewa ɓangare ne mai sauƙi ya ɓad da kama, domin na farkon biyar bisa takwas ne, na biyun biyar bisa shida.

Da wannan idon, tambayarki ta biyu da ta uku abu ɗaya ne, kuma amsarsu tana fitowa kafin a gama karantawa. Idan aka ƙara wa abu rubu'insa, ya tashi daga gida huɗu zuwa gida biyar, don haka komawa baya cire gida ɗaya ne daga cikin biyar, wato humusi. Humusin 800 shi ne 160, a ɗebe, saura 640. Humusi kuma shi ne kashi 20 ɗin da littafinki ya ba ki a ta uku. Tsarin a haka yake tafiya: ƙarin rabi ragin sulusi ne yake warware shi, ƙarin sulusi ragin rubu'i, ƙarin rubu'i ragin humusi, ƙarin humusi ragin sudusi.

Akwai kuma wata dabara da nake mamakin yadda ba a cika koyar da ita ba: kana iya musanya lambobin biyu amsa ba ta sauya ba. Kashi 16 na 25 daidai yake da kashi 25 na 16, wato 4. Kashi 36 na 50 shi ne rabin 36, wato 18. Kashi 8 na 75 shi ne rubu'i uku na 8, wato 6. Dalilin bai wuce cewa a duka biyun lambobin ake ninkawa a raba da ɗari ba.

Game da sauyi biyu a jere, ƙa'idar da nake amfani da ita ita ce: a tara kason biyu, sannan a ƙara abin da aka samu idan aka ninka su aka raba da 100, tare da sa wa ragi alamar ɗebewa. A tambayarki ta farko, 20 a ɗebe 20 babu komai, 20 sau 20 a raba da 100 shi ne 4, kuma tun da ɗaya ƙari ne ɗaya ragi, 4 ɗin ragi ne. Idan aka ƙara wa kowane gefen murabba'i kashi 10, girman filinsa yana ƙaruwa da 10 da 10 da 1, kashi 21. Idan aka ƙara tsawon fili da kashi 30 aka rage faɗinsa da kashi 20, sai a ce 30 a ɗebe 20 saura 10, a ɗebe 6, filin ya ƙaru da kashi 4. Da wannan nake gama irin waɗannan tambayoyi a cikin numfashi biyu.

Wadda Ta Rubuta Bara ta amsa:

'Yar'uwa, na zauna irin wannan jarrabawa bara, kuma ina so in yi wa ɗan'uwan da ya gabace ni ƙaramin gyara, ba don abin da ya faɗa ba daidai ba ne. Teburin ɓangarorin nan ki haddace shi yau, ba shi da wata illa. Amma ƙa'idar tarawa da ninkawar nan ta taɓa cutar da ni, domin na haddace ta ban san daga ina ta fito ba, sai aka kawo sauyi uku a jere na rasa yadda zan yi da na ukun, na tara su kawai. Tana aiki a kan biyu ne kaɗai. Idan uku ne, sai an haɗa biyun farko an sami kaso ɗaya, sannan a sake haɗa shi da na ukun. Hanyar Malam kuwa ko sau biyar aka sauya ba ta damu ba. Kuma ba dole ne a yi ta da ɗigo ba: 1.2 shi ne shida bisa biyar, 0.8 huɗu bisa biyar, sai a yi ta soke lambobi sama da ƙasa.

Abin da na lura da shi bayan na warware tsoffin tambayoyi masu yawa shi ne, labarin yana sauyawa amma ƙashin bayansa bai wuce iri kaɗan ba. Akwai irin da ake ba ki tazara a matsayin adadi, ke kuma ki nemo kason da ta yi daidai da shi. Misali, wani ya sami kashi 30 na jimillar maki ya faɗi da maki 20, wani ya sami kashi 42 ya haura makin ci da 16. Ɗaya yana ƙasan layi da 20, ɗaya yana samansa da 16, don haka tsakaninsu maki 36 ne, ba 4 ba, kuma 36 ɗin nan shi ne kashi 12. Kashi 1 ya zama 3, jimillar maki 300, makin ci kuma 90 da 20, wato 110. Tambayoyin zaɓe ma 'yan gidan nan ne, sai dai su sukan ɓoye tushe na biyu: an soke kashi 10 na ƙuri'un da aka kaɗa, ɗan takara ya sami kashi 60 na sahihan ƙuri'u, ya kayar da abokin karawarsa guda ɗaya da ƙuri'a 1,800. Tazarar 60 da 40 kashi 20 ce, amma ta sahihan ƙuri'u, don haka sahihai 9,000 ne, su kuma kashi 90 ne na duka, jimilla 10,000. A zaɓi za ki tarar da 9,000 ɗin tana jiran mai gaggawa.

Iri na biyu shi ne na gauraye da bushewa, kuma sirrinsa a nemi abin da bai motsa ba. Idan lita 40 na wani ruwa yana ɗauke da sinadari kashi 15, aka ce ruwa nawa za a ƙara ya koma kashi 10, sinadarin lita 6 ne kafin ƙari da bayansa. Lita 6 ɗin ita za ta zama ushirin sabon adadi, wato lita 60, saboda haka lita 20 za a zuba. Haka ɗanyen itace mai kilo 100 da kashi 40 nasa ruwa ne: zallar itacen kilo 60 ne, kuma idan ya bushe har ruwan ya koma kashi 20, kilo 60 ɗin ne kashi 80, nauyinsa ya zama kilo 75, ba 80 ba.

Game da lokaci, idan lissafi ya cije miki, ki koma kan zaɓin ki gwada su a cikin tambayar, ki fara da na tsakiya. Sau da yawa ma hankali kaɗai yana kore biyu daga ciki kafin a taɓa biro: ƙari da ragi masu kaso iri ɗaya dole su ƙare ƙasa da inda aka fara, ƙari biyu a jere kuma dole su wuce jimillar kasonsu.

Mai Shirin Jarrabawa ta sake rubutawa:

Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya, ya ƙara wa Malam lafiya da nisan kwana. Na zauna jiya da daddare na sake bin tambayoyi ashirin, ina ja wa kowane kaso layi ina rubuta "na me?" a gefensa kamar yadda kuka ce, Malam, kuma na ci goma sha bakwai, alhali a da da ƙyar nake haura rabi. Wadda ta fi faranta mini rai ita ce ta tankin ruwa: an yi amfani da kashi 30 na ruwan da safe, da kashi 40 na ragowar da yamma, aka bar lita 420. A da da na tara 30 da 40 na ce saura kashi 30. Wannan karon kalmar "ragowar" ta tsayar da ni, na ninka bakwai bisa goma da shida bisa goma na sami kashi 42, na ga cewa tankin lita 1,000 yake ɗauka.

Biyu daga cikin ukun da na faɗi kuskuren ninkawa ne, na gane su. Ta ukun ce har yanzu ban ga laifina ba. An ce aji na farko yana da ɗalibai 50, kashi 60 suka ci jarrabawa. Aji na biyu yana da ɗalibai 30, kashi 80 suka ci. Aka tambayi kashi nawa suka ci idan aka haɗa azuzuwan biyu. A nan babu ƙari, babu ragi, babu ragowa, kowane kaso kuma na san tushensa. Na tara 60 da 80 na raba biyu na sami 70, littafin ya ce 67.5. Shin littafin ne ya yi kuskuren bugu, ko kuwa akwai abin da ya sake wuce ni?

Tsohon Malamin Lissafi ya sake amsawa:

Madalla da wannan ci gaba, 'yata, kuma aikin tankin nan babu abin gyara a cikinsa. Littafin bai yi kuskure ba. Kin rubuta tushen kowane kaso da aka ba ki, amma ba ki yi wa kason da ake nema irin wannan tambayar ba, shi ma kuwa yana da nasa tushen, wato ɗalibai 80 na azuzuwan biyu. Ki sauko daga kaso zuwa mutane, ki ƙirga kawuna. Kashi 60 na 50 ɗalibai 30 ne, kashi 80 na 30 ɗalibai 24 ne, waɗanda suka ci 54 ke nan a cikin 80. Sumunin 80 shi ne 10, wato kowane ɗalibi 10 kashi 12.5 ne, don haka 50 sun ba da 62.5, ragowar 4 kuma rabin ushirin 80 ne, kashi 5, jimilla 67.5.

Da kika tara 60 da 80 kika raba biyu, kin ba azuzuwan nauyi ɗaya, alhali ɗaya ya fi ɗaya yawa da mutum 20. Amsarki ta 70 za ta yi daidai ne kawai idan yawan ɗaliban azuzuwan ya zo ɗaya. Tun da babban ajin shi ne mai kashi 60, dole amsar ta karkata wajensa, ta faɗo ƙasa da 70, kuma wannan lura kaɗai ta isa ta kore 70 da duk abin da ya haura ta daga cikin zaɓin. Idan kina son ganin abin ƙarara, ki ƙaddara aji na farko mutum 98 ne, na biyu mutum 2: ko duka biyun nan sun ci, ba za su iya ɗaga jimillar ta yi nisa da kason babban ajin ba.

Ina goyon bayan gyaran da 'yar'uwarki ta yi a kan ƙa'idar tarawa da ninkawa. Ba ƙarya ba ce, abin da ake samu ne idan aka buɗe ninkin lambobi biyun nan, kuma wanda ya san haka yana iya amfani da ita hankali kwance. Teburin sumuni da sudusi kuwa kin ga yanzu na yi aiki da shi da kaina.

Ga wata ki gwada kafin gobe, 'yar gidan wadda ta kayar da ke ce, sai dai ta shigo ta ƙofar baya. A wata jarrabawa kashi 70 na maza da kashi 90 na mata suka ci, jimillar waɗanda suka ci kuma ta zama kashi 78 na duk waɗanda suka zauna. Idan mutum 200 ne suka zauna, mata nawa ne a cikinsu? Ki fara da ƙirga kawunan da suka ci, sannan ki tambayi kanki nawa za su kasance da a ce duka 200 ɗin maza ne. Ki rubuto mana aikin layi bayan layi, ba amsar kaɗai ba.